Samarin ƙasar Sin da son abin duniya

Ƙasar Sin tana can gabas, nesa ƙwarai. Mutanenta su ne ake ce ma ƴan Shinuwa. A ƙidayar da aka yi cikin shekara ta 2020, an tarar da mutum fiye da miliyan 1,400 a cikinta. Ko wanda bai taɓa fita daga karkararsu ba ya san kayan ƙasar. Tocilar da makiyayi yake haska garke da ita, da bokitin roba, da babur, da salular da ke cikin aljihun manomi, mafi yawansu daga can suka fito. An san kayan, amma ba a san yaran da ke tashi a inda ake ƙera su ba.

Tsofaffin ƙasar suna da kuka guda a kan samari da ƴan mata na yanzu. Sun ce idonsu ya cika buɗewa a kan abin duniya. Yaro ɗan shekara 15 ya san kuɗin takalmin da ke ƙafar abokinsa. Ya san sunan kamfanin da ya yi shi. Ya san irin motar da uban kowa yake hawa. Akwai gaskiya cikin wannan kuka. Sai dai yaro ba daga sama yake faɗowa ba. Mai son ya gane samarin Sin, sai ya fara tafiyarsa daga ƙauye, wurin kakanninsu.

Ƙauyen Shiyawgan

Jihar Anhwi ƙasar noma ce. A arewacinta ana shuka alkama, a kudancinta shinkafa. Cikin wannan jiha akwai gundumar Fenyan, cikin gundumar kuma akwai wani ɗan ƙauye mai suna Shiyawgan. Tun zamanin da, an san mutanen Fenyan da fita bara. In amfanin gona bai yi ba, sai su ɗauki ƴan gangunansu su bi gari gari suna kiɗa, ana ba su abin da ya samu.

A zamanin shugaba Mawo, gwamnati ta haɗe gonakin mutane duka wuri guda. Ba mai cewa ga gonata. Da safe a buga ƙararrawa, kowa ya fito. Mai ƙwazo da malalaci kusan rabonsu ɗaya. Daga shekara ta 1959 zuwa 1961 aka yi yunwa mai tsanani. Miliyoyin mutane suka mutu, kuma Anhwi tana cikin jihohin da abin ya fi yi ma ɓarna. An ci ganye, an ci ɓawon itace. Bayan yunwar ta wuce ma, ba a sayen hatsi ko ƙyalle a birni sai da tikitin gwamnati. Ko kana da kuɗi, in ba tikiti, sai ka koma gida hannu rabbana.

A ƙarshen shekara ta 1978, magidanta 18 na Shiyawgan suka taru a ɓoye cikin wani ɗakin laka. Suka shirya za su raba gonar ƙauyen gida gida. Kowa ya noma rabonsa, ya ba gwamnati abin da ta yanka masa, saura ya zama nasa. A lokacin wannan babban laifi ne. Saboda haka suka rubuta takarda, suka dangwala yatsunsu a kai. Cikin takardar suka yi alkawari: in aka ɗaure shugabanninsu ko aka kashe su, sauran za su riƙe ƴaƴansu har su kai shekara 18.

Ba a kama kowa ba. Da kaka ta zo a shekara ta 1979, ƙauyen ya tara hatsi kimanin tan 66, ya ninka abin da suka saba samu sau da yawa. Deng Shiyawpin, wanda mulki ya dawo hannunsa a lokacin, ya yarda da dabarar. Cikin ƴan shekaru aka raba gonaki a ƙasar duka. Shi ne kuma ya ce a bar wasu mutane su fara yin arziki, saura su biyo baya. Daga nan neman kuɗi ya daina zama abin kunya.

Mutumin da ya ga yunwa da idonsa, in Allah ya buɗa masa, ba ya raina kaya. A shekarun 1970, saurayin da ke neman aure ana duba ko yana da abubuwa huɗu. Suna ce masu uku masu juyawa da ɗaya mai magana: keke, da agogo, da keken ɗinki, da rediyo. A shekarun 1980 lissafin ya sake: talabijin, da firigo, da injin wanki. Bayan haka ya koma gida da mota. Ke nan cikin rayuwar mutum ɗaya ma'auni ya sake har sau biyu. Kowane gida yana leƙen na maƙwabci don ya ga wane ne ya riga shi. Yara kuwa suna zaune suna kallo, suna ji.

Baki shida, cokali ɗaya

A shekara ta 1980 gwamnati ta sa dokar haihuwar ɗa guda. A birni an tsananta ta ƙwarai. A ƙauyuka da yawa, in ta fari mace ce, akan bar mutum ya ƙara ɗaya. Dokar ta yi aiki har ƙarshen shekara ta 2015. A 2016 aka ce biyu, a 2021 aka ce uku.

Mai karatu ya duba yadda gidan ya koma. Ga kakanni huɗu, biyu ta wajen uba, biyu ta wajen uwa. Ga uwa da uba. Ga yaro guda a tsakiya. Ba wa, ba ƙane, ba mai ƙwace masa loma. Manya shida suna jiran ya buɗe baki su cika shi. Kakar da ta ci ɓawon itace tana yarinya ba za ta iya hana jikanta alawa ba. Ƴan Shinuwa da kansu suka sa ma irin waɗannan yara suna, suna ce masu ƙananan sarakuna.

Da sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa cikin Janairu ko Fabrairu, manya suna ba yara kuɗi cikin jan ambulan. Al'ada ce tsohuwa, ta fatan alheri. Amma da kuɗi suka yawaita sai ta zama gasa. In an koma lakwal bayan hutu, abin da yara suke fara tambayar junansu shi ne nawa kowa ya tara.

Gatan yana da nauyi a bayansa. Yaron da manya shida suka tara ma komai, shi kaɗai ne kuma za su dogara da shi in sun tsufa. Tun yana ƙarami ake gaya masa haka. Ya yi karatu, ya sami aiki mai albashi, ya sayi gida. Ba wanda zai raba kayan da shi.

Yaran da aka bari a baya

Gonar da aka raba ta kori yunwa, amma ba ta isa ta gina gidan siminti ba. Rabon kowane gida ƙarami ne. Sai majiya ƙarfi suka fara tafiya cin rani birane. Nasu cin ranin ba na wata uku ba ne. Shekara ake yi cur, miji da mata tare. Cikin shekara ta 2023, gwamnati ta ƙidaya manoma kusan miliyan 300 da ke aikin ƙodago ba noma ba, da yawansu nesa da gida.

Me ya hana su tafi da ƴaƴansu? Akwai wata takardar zama da ake kira huko, tun shekara ta 1958. Tana nuna inda aka rubuta sunan mutum, kuma a nan yake da haƙƙin lakwal da likita ba wahala. Ɗan ƙauye ko ya shekara 20 a birni, takardarsa ta ƙauye ce. An sassauta dokar a garuruwa da dama, amma manyan birane suna riƙe da ita. Ga kuma tsadar haya. Saboda haka akan bar yara wurin kakanni. A shekara ta 2013 ƙungiyar mata ta ƙasar ta ce yara miliyan 61 ne a ƙauyuka waɗanda uwa ko uba, ko su biyun, suka tafi suka bari.

Wanda ya ratsa ƙauyukan Anhwi ba lokacin biki ba zai ga abin da idonsa. Ga gidaje masu bene biyu ko uku, an manna masu farin tayil. Cikinsu tsohuwa ce da jikanta. Ɗakunan sama a kulle. Da yamma yaran sukan tsuguna bakin kanti ko gindin bango, kowa kansa a sunkuye cikin salula.

Salular nan iyaye ne suka aiko da ita, don su riƙa ganin fuskar yaron. Uban da bai ga ɗansa ba wata 11 yana jin nauyi a zuciya. Ba zai iya aiko da kansa ba, sai ya aiko da kuɗi, da takalmi, da riga. Sau ɗaya a shekara, da sabuwar shekara, tashoshin jirgin ƙasa sukan cika maƙil har kwana 40, kowa da ƙunshin tsaraba. Su yi kwana 10 ko sati biyu a gida su juya. Wasu da asuba suke sulalewa, kafin yaron ya farka ya yi kuka. Yaron da ya tashi haka, abin da ya koya shi ne ƙauna tana zuwa cikin kwali. In kwalin ya yi ƙanƙanta, sai ya ga kamar ƙaunar ce ta ragu.

Birnin Shenjen

Daga Anhwi zuwa birnin Shenjen, can kudu bakin teku, ya fi kilomita 1,000. Ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram. Da, kwana ake yi cikin jirgin ƙasa, wasu a tsaye. Yanzu akwai jirgi mai gudun kilomita 300 a awa, ga mai kuɗin tikiti.

Kafin shekara ta 1980, Shenjen ɗan gari ne a kan iyaka da Hong Kong, kewaye da gonakin shinkafa da ƙauyukan masunta. A wannan shekara gwamnati ta ware shi, ta ce baƙi su zo su kafa masana'antu. A ƙidayar 2020 an sami mutum miliyan 17 da rabi a cikinsa. Ya fi rabin mutanen Nijar duka. Akwai bene mai tsawon mita 599, wanda aka gama a 2017. In hazo ya taso daga teku, ba a ganin kansa.

A tsakiyar birnin akwai unguwar Hwacanbe. Kasuwa ce ta kayan lantarki, ana cewa ba kamarta a duniya. Ba rumfuna ba ne a fili. Benaye ne manya, kowane hawa cike da tebura, kowane tebur bai fi faɗin mita ɗaya ko biyu ba. Wani batir kaɗai yake sayarwa, wani gilashin fuskar salula, wani ƴan ƙananan ƙarafa da sai da hantsaki ake ɗaukar su. Ko'ina ƙarar salatif ake ji, ana naɗe kwalayen da za a aika ƙasashen duniya. Kamfanin da ke yin salular Tecno da itel, waɗanda suka cika kasuwar Maradi da Tawa, a nan Shenjen babban ofishinsa yake.

Masu haɗa kayan nan su ne iyayen yaran can na ƙauye. Suna aiki awa 10, wani lokaci 12, suna ɗaura abu ɗaya tun safe har dare. Wasu suna kwana a ɗakunan masana'anta, gado bisa gado. Wasu suna haya a tsofaffin unguwanni inda benaye suka matse juna. Mutanen garin suna ce masu benayen musabaha, don maƙwabta biyu suna iya gaisawa hannu da hannu ta taga. Daga bakin lungun, tafiyar minti kaɗan, ga kantuna masu bangon gilashi, inda jakar mata guda take cin albashin lebura na wata da watanni.

Samarin da suka bar lakwal a shekara 16 ko 17 suka biyo iyayensu, kullum ta gaban wannan gilashi suke wucewa. Ba a hana kowa kallo. Kuma a Shenjen da wuya a ga takardar kuɗi a hannu. Da salula ake biyan komai, har ƙosan bakin titi. Mutum ya nuna ta ga wani ɗan zane, kuɗi su fita. Wanda ya ƙirga kuɗi da yatsunsa yana jin zafin rabuwa da su. Mai danna gilashi ba ya ji sai ƙarshen wata.

Daga idon sawu zuwa ƙasa

A mafi yawan makarantun Sin yara suna sa tufafi iri ɗaya, riga da wando masu faɗi kamar na ƴan wasan guje-guje. An yi haka don kada a bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Sai gasar ta sauka ƙasa, ta koma takalmi. Yara suna duban ƙafar juna kafin su dubi fuska. Sun san na Nike da Adidas, sun san na gida irin su Anta da Li-Ning. Sun kuma iya gane na jabu daga nesa. Ɗan ƙauyen da aka kama da na jabu, dariyar da za a yi masa ta fi masa bulala ciwo.

Ƴan Shinuwa suna da wata kalma, miyanzi. Ma'anarta fuska, wato mutuncin mutum a idon jama'a. Manya suna kare tasu fuskar da mota da babbar liyafa. Yara suna kare tasu da takalmi da salula. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shekara ta 2013 wani kamfanin bincike mai suna Ipsos ya tambayi mutane a ƙasashe 20, ko suna auna ci gabansu da abin da suka mallaka. A Sin, 71 cikin 100 suka ce e. Ba ƙasar da ta kai haka. In aka haɗa ƙasashen duka, 34 ne cikin 100. Waɗanda aka tambaya kuwa galibi manya ne, iyayen yaran da ake kuka da su.

Kada a ɗauka samarin nan hutu suke yi. Da wuya a sami yaran da suka fi su shan wahalar karatu. Akwai wata jarrabawa ta shiga jami'a, gawkaw, wadda ake farawa ran 7 ga watan Yuni. A 2024 yara fiye da miliyan 13 suka rubuta sunansu. A jihar Anhwi, cikin duwatsu, akwai wani ɗan gari, Mawtancan, wanda kusan ba shi da sana'a sai shirya yara don wannan jarrabawa. Dubban ɗalibai suna shiga aji tun asuba, ba su tashi sai wajen ƙarfe 11 na dare. Uwaye sukan bar aikinsu su kama ɗaki a garin. Da rana su tsaya bakin ƙofar lakwal da kwanon abinci, yaro ya ci a tsaye cikin ƴan mintoci ya koma.

Da me ake lallashin yaron da ke cikin wannan hali? Da alkawari. In ka ci jarrabawa za a saya maka salula sabuwa. In ka shiga jami'a za ka sami aikin ofis, ba za ka zama kamar ubanka ba. Ba safai ake ce masa ya yi karatu don ya san abu ba. Tun daga aji ɗaya an riga an sa ma ilimin kuɗinsa.

Yaron da ya sayar da ƙodarsa

A shekara ta 2011 wani abu ya faru da ya girgiza ƙasar. Wani ɗan lakwal mai shekara 17, ɗan jihar Anhwi, yana son salular iPhone da allon iPad. Iyayensa ba su da hali. Ya haɗu da wasu dillalai ta intanet, suka ce suna sayen ƙoda. Tun 2007 doka ta hana cinikin sassan jikin mutum, amma suna yi a ɓoye. Ya tafi garin Canjo a jihar Hunan, gida ba a sani ba. Aka yanka shi aka cire ƙoda guda. Aka ba shi yuwan 22,000, kimanin sefa miliyan ɗaya da rabi a kuɗin lokacin. Dillalin kuwa yuwan 220,000 ya karɓa.

Da ya dawo gida, uwarsa ta ga kayan. Ta tsare shi da tambaya har ya faɗi gaskiya. Ba a daɗe ba ƙodar da ta rage ta fara gazawa. A 2012 kotu ta ɗaure dillalan da wasu daga cikin masu aikin likitan. Aka biya iyayen diyya, amma lafiyar ba ta dawo ba. Salular kuwa, kafin shekara ta zagayo kamfanin ya fito da wadda ta fi ta.

Shekara 32 da ƴan watanni ne tsakanin wannan rana da daren da magidantan Shiyawgan suka dangwala yatsu don a ciyar da ƴaƴansu har su kai 18. Jiha ɗaya ce. Wannan yaro saura shekara ɗaya ya cika 18 ɗin.

Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne bashi. Masu ba da rance ta salula sun shiga cikin ɗaliban jami'a, suna ba su kuɗi nan take da ruwa mai yawa, har gwamnati ta hana su a 2017. Akwai kuma yaran da suka kwashe ajiyar iyayensu suna yi ma mawaƙa da masu barkwanci liƙi ta salula.

Zancen aure

Saurayi ɗan 18 ya san abin da ke jiransa gaba. Saboda dokar ɗa guda, da son ɗa namiji, maza sun fi mata yawa. A ƙidayar 2020 rarar maza ta kai kusan miliyan 35. Ƴan matan ƙauye kuma suna tafiya birni ba su dawowa. Sai kuɗin aure ya yi tashin gwauron zabo. Akwai karkarar da ake neman yuwan 200,000 ko fiye, ban da gida a gari da mota. Iyayen yarinya ba mugunta ce kaɗai take sa su ba. Wasu da kuɗin ne za su yi ma ɗansu namiji aure.

A 2010, cikin wani shirin talabijin na haɗa samari da ƴan mata, wani saurayi marar aiki ya tambayi wata budurwa ko za ta hau bayan kekensa. Ta ce gara ta yi kuka cikin motar BMW. Ƙasar duka ta ɗauka. Aka yi ta zaginta, har hukuma ta ja kunnen masu shirin. Amma da yawa cikin masu zagin, in ƴarsu ce, tambayar farko da za su yi ma saurayi ita ce ko yana da gida.

Abin da gwamnati ta yi, da abin da lokaci ya yi

Gwamnati ta ga abin yana neman ya fi ƙarfin iyaye. A 2021 ta hana kamfanonin da ke karɓar kuɗi suna ƙara ma yara darasin lakwal da yamma da lokacin hutu. A wannan shekara kuma ta ce yaron da bai kai 18 ba, awa 3 kaɗai zai yi a sati yana wasan intanet: awa ɗaya ran Juma'a, ɗaya Asabar, ɗaya Lahadi. A 2022 ta hana yara yin liƙi ta salula. Ta ware wasu gundumomi don a gwada rage kuɗin aure. Yara dai sun iya dabara. Wasu da sunan kakarsu suke shiga wasan, sai a ga tsohuwa ƴar shekara 70 tana harbi cikin salula da tsakar dare.

Abin da doka ba ta yi ba, kasuwa ta fara yi. Daga 2021 cinikin gidaje ya faɗi, manyan kamfanonin gini suka kasa biyan bashi. Iyalan da suka zuba duk abin da suka tara cikin gida suka ga darajarsa tana raguwa. Gwamnati ta ce a watan Yuni na 2023, cikin samarin birni ƴan shekara 16 zuwa 24 masu aiki da masu neman aiki, 21 cikin 100 ba su da aiki. Wasu da takardar jami'a a hannu suna kai ma mutane abinci a kan babur. Alkawarin da aka yi masu tun suna aji ɗaya bai cika ba.

Sai wasu suka juya. Suna sayen kwance, suna neman abu mai araha mai kama da na tsada, suna ma alfahari da haka. A 2021 wata magana ta bazu cikinsu, tang ping, wato kwanciya miƙe. Masu ita suka ce sun gaji da tsere. Ba su neman gida, ba su neman mota, za su yi ɗan aikin da zai ciyar da su kawai. Jaridun gwamnati suka yi ta faɗa, suka ce lalaci ne. Kakannin da suka yi kukan yara sun cika son kaya, yanzu suna kukan sun ƙi neman komai.

Auren ma da yawa sun ja baya da shi. A 2013 an ɗaura aure fiye da miliyan 13 a ƙasar. A 2024 miliyan 6 ne da ƴan kai. Tun 2022 masu mutuwa suka fara fin waɗanda ake haifa yawa. In aka tambayi samari dalili, amsar da aka fi ji ita ce tsada: gida, da lakwal, da kuɗin reno. A 2025 gwamnati ta fara ba iyaye tallafin yuwan 3,600 a shekara don kowane yaro, har ya kai shekara 3. A kantunan Shenjen, wannan kuɗi bai isa sayen sabuwar iPhone guda ba.